Inda Farantinki Zai Zauna

Unguwar Turaki,
Jalingo.

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardan nan ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki, da sanyin Jos ɗin nan da kike kuka da shi kullum kamar ke kaɗai yake kamawa. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya kiyaye ki daga sharrin hanya, ya riƙe hannun direban da zai ɗauke ku. Mu nan lafiya lau muke. Mamanki tana gaishe ki, ga ta nan zaune kusa da ni tana cewa kada in cika surutu. Ban tanka mata ba, tunda biron a hannuna yake.

Saƙonki ya iso, na karanta har na kusa haddacewa. Kin ce ƙungiyar da ta ɗauke ki aiki ta zaɓi ƙaramin asibitin Dogon Tsauni don ta kafa farantin setilayit, kuma ke za a bari can ki kula da shi. Kin ce an auna wuri, an gama magana, sai dattawan garin suka ji sunan mahaifinki suka ce a dakata tukuna. Ogan ku kuma ya ce in kaya suka iso ba a ba da wurin ba, zai kai su wata jiha inda yake da wani ma'aikaci a shirye, ke ki dawo gida ki ci gaba da zaman da kika yi tun kammala makaranta. A ƙarshe kika rubuta, "Baba, me ka yi wa mutanen nan?" Tambayar nan ta hana ni cin tuwo yadda na saba.

To, na hau dutsen da ƙafata, na je na dawo. Ki saki ranki. Amma kada ki yi tsalle zuwa shafin ƙarshe kamar yadda kike yi da kowace takarda, na san halinki. Ki bi ni daga farko, don abin da ya faru can yanzu ba zai shiga kanki ba sai kin ji na da.

Kafin ki tafi Jos kin zaunar da ni a tsakar gida da tiren shayin mamanki, kina ɗaga shi sama kina nuna mini yadda abin yake. Wai farantin yana kallon wata na'ura da ke can sama, ya miƙa mata magana, ita kuma ta sauko da ita Jos ko Legas ko ƙasar Turawa. Ba falwaya, ba wayar da ɓarayi za su yanke, ba ruwansa da gada ta karye ko kogi ya cika. Ma'aikaciyar jinya za ta rubuta halin da majinyaci yake ciki a kwamfuta, likita ya amsa mata a ranar daga inda yake. Na bar ki kina ta bayani, don na ga kina jin daɗin koyar da tsoho. Amma ki sani na fi ki sanin darajar abin nan. Mu da ke Jalingo, hedikwatar jiha guda, sai mutum ya yi layi a ofishin tarho tun safe, ya shiga ya gama ihun halo halo, ya fito bai ji muryar kowa ba. Wayar da ta gagare mu nan ba za ta hau wancan dutse ba ina da rai. Ni kuwa na ga yadda ake cire ƙofar ɗaki a kwantar da mai naƙuda a kai, maza su sauko da ita a kafaɗa, ba wanda ya san ko akwai likita a ƙasan ko ya yi tafiya. Shi ya sa da kika ce za a iya kai farantin wani wuri saboda ni, ba aikinki kaɗai na tuna ba.

Zamanin muna jihar Gongola, ban ma san mamanki ba, aka tura ni Dogon Tsauni da radiyon oba-oba. Ke hotonsa kawai kika gani. Akwati ne mai nauyin buhun masara, da batir, da ɗan janareta, da doguwar wayar eriya da ake ɗaurewa sama tsakanin sanda biyu. Kowace safiya Yola za ta kira tashoshi ɗaya bayan ɗaya, in an zo kanka ka karanta saƙonninka ka ce oba, su ma su ba ka nasu. Mazan garin ne suka ɗauko kayan a ka tun daga gindin dutse, ni ina biye da wandon kaki mai guga, hannu a aljihu, ina jin kaina kamar gwamna.

Aka ba ni ɗaki a gefen ɗakin shan magani, wanda ya zama asibitin nan na yanzu. A bayansa akwai wata babbar ɗorawa, rassanta sun tare inda wayata za ta bi. Na je wurin dagaci na ce itacen nan yana hana aikin gwamnati. Tsohon ya dubi ƙasa, ya daɗe, ya ce to. Ban tsaya jin abin da ke bayan wannan shirun ba, washegari na samo masu gatari. Ban san cewa a garin nan ƙasa daban take, itace daban ba. Dagaci yana iya nuna maka fili, amma kowace ɗorawa da mai ita, kuma yawanci mace ce. Wannan ta wata mata ce mai suna Laraba, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ga yara ƙanana. Da kalwar itacen nan take yin daddawa ta kai kasuwa, da ita take ciyar da su.

Ina tsaye ina ba masu sara umurni ta zo da gudu daga gona. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta tsaya tana kallo har itacen ya kwanta, sannan ta kira 'ya'yanta suka shiga tsinkar ɗorawar da ba ta gama nuna ba. Abin haushin, Rahila, rassa kaɗan ne suka tare mini hanya. Da na matsar da sandar gabas 'yar tazara, da ko ganye ban taɓa ba. Ƙyuya ce kawai ta sake haƙa rami, da jin cewa ni ne mai takarda.

Don haka ga magana ta farko. Na san farantinki yana son sarari, yana son ya ga inda yake kallo ba abin da ya tare shi, kuma kuna da na'urar da ke nuna muku daidai wurin. Na'urar nan ba ta san na wane ne ba. Duk abin da za ki taɓa, itace ne, dutse ne, hanyar da awaki ke bi ce, ki tambaya na waye, kuma kada ki tsaya kan amsar mai hula. Ki bi mata rafi, ki zauna inda suke daka, can za ki ji gaskiyar wuri. In babba ya ce miki to yana kallon ƙasa, ki koma gida ki sake zuwa gobe. Takardar ƙaramar hukuma tana hana 'yan sanda damunki ne kawai, ba ta sa mutane su shigo ɗakinki.

Ta biyun kin sha jin ta a bakina, amma a wata riga. Akwai wani dattijo mai bishara a garin, shi ya zo ya ce mini abin da na yi ba ƙarami ba ne, in yarda a sasanta. Na yarda, don na fara ganin gaisuwar mutane ta gajarce. A al'adarsu, in za a kashe magana, wanda aka yi wa laifi shi ke kawo abin sha a ƙwarya a gaban jama'a. Ya fara kurɓa, ya miƙa wa mai laifi, shi ma ya sha. Daga nan ba mai sake tayar da zancen. Aka taru ƙofar dagaci, Laraba ta fito da ƙwarya, ta kurɓa, ta tako har gabana ta miƙo da hannu biyu. Ni kuwa na san irin abin da ake sha a tarukan garin, burkutu ne. Na mai da hannuwana baya, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce ni Kirista ne, ba na shan giya. Ta tsaya da ƙwaryar a miƙe, ta daɗe. Sannan ta sunkuya ta ajiye ta a ƙasa ta tafi. Mutane suka watse.

Mai bisharan ya biyo ni yana cewa, "Malam, tsaya ka ji." Na ce ba abin da zan ji. Har wa'azi na yi masa, ni ɗan jiya, wai daɗewa cikinsu ta sa ya yi sanyi. Kin tuna labarin yanzu, ko? Shi ne shaidar da nake bayarwa a majami'a duk lokacin da aka zo maganar tsayawa da ƙarfi, kina ƙarama kina tafa mini.

Ban ce ki sha abin da bangaskiyarki ta hana ba, kada ki kai wa fasto ƙarata. Abin da nake cewa, in an miƙo miki abu, ki karɓa da hannu biyu tukuna, ki zauna, ki duba. In ba za ki iya ba, ki faɗa wa mai shi a hankali, tsakaninku, ki roƙi ruwa a ƙwaryar. Za ki shiga gidaje da yawa, na Kirista, na Musulmi, na masu bin al'adar kakanni, da rugar Fulani da ke bayan dutsen. Kowa da yadda yake buɗe ƙofarsa. Ke kuma kin gado saurin bakina, ba na mamanki ba, don haka ki ninka haƙuri.

Daga ranar nan ɗakin radiyo ya zama kamar kabari. Ba wanda ya yi mini rashin kunya, ana gaishe ni, ana sayar mini da doya. Amma mutum ya gwammace ya sauka dutse da ƙafa ya kai saƙonsa bakin mota da ya shigo wurina, alhali ga abin da zai kai maganarsa Yola kafin ya gama shan kunu. Yola ta kira da safe, in ce babu saƙo, oba. Gobe ma haka. Maimakon in nemi gyara sai na yi zuciya, na ce ai ba su san darajar ci gaba ba. Na sayo ƙaton kwado na garƙame ɗakin, mabuɗi a aljihuna ko wanka zan je. Mai ba da magani na lokacin, shi kaɗai ne bai daina shigowa ba, ya roƙe ni in koya masa yadda ake kira, ko don ranar da ba na nan. Na ce kayan gwamnati ne, sai mai satifiket. Ƙarya nake yi, abin da yaro zai koya a yini ɗaya ne. Tsoro nake ji kada a gane cewa ba wani sihiri a ciki. In na sauko karɓar albashi ko Kirsimeti, radiyo ya yi barci har in dawo, ko wa ke mutuwa. Da aka yi mini canjin wurin aiki ba a turo wani ba, kuma ba wanda ya je ya roƙa a turo. Daga baya na ji wayar eriyar ta zama igiyar shanya.

Wannan ita ce ta fi damuna game da ke, don kin sha wahala kafin ki samu ilimin nan, kuma abin da mutum ya sha wahala a kansa yakan so ya rungume shi shi kaɗai. Kada ki yi. Tun makon farko ki zaunar da ma'aikaciyar jinya gaban kwamfutar, ki bar ta ta danna, ta ɓata, ki gyara. Ki jawo malaman makaranta. Ki jawo matan zumunta da duk wata mai ɗan karatu, don maza sukan sauko birni neman aiki, mata ne ke zama. Ki nuna musu yadda ake goge farantan sola, yadda ake duba ruwan batir, abin da za a kashe in hadari ya haɗo. In zazzaɓi ya kwantar da ke, ko kin zo mana Kirsimeti, saƙo ya ci gaba da fita. In ya tsaya don ba kya nan, to ba ki yi aiki ba tukuna, ko da ogan ku ya yaba miki.

Bari in ƙara miki 'yan ƙananan abubuwa na tsohon ma'aikaci, ko da kin sani. Aradun dutsen nan ba irin na Jalingo ba ne, kada ki yarda a yi ha'inci wajen binne ƙarfen da ke janye shi, ki tsaya a kansu har su gama. Ɓerayen can suna son waya fiye da gyaɗa. Janareta in an ba ku, ranar da kika ba da aronsa don biki sau ɗaya, ya zama na gari. Sannan ki shirya, duk wanda ya ga faranti zai ɗauka irin na gidajen manyan Jalingo ne, za su zo da kujerunsu su ce ki kamo musu ƙwallo. Kada ki yi musu dariya. Ki shigo da su ki nuna musu abin da yake yi, ki bar wani ya aika gaisuwa ga ɗansa da ke makaranta a wani gari, ya ga amsa ta dawo da idonsa.

Kuma ki riƙe bakinki. A nawa radiyon duk tashoshi suna jin abin da ka faɗa, kowa ya sani, don haka ba mai kawo sirri. Naki ba haka ba ne. Wanda bai iya rubutu ba zai zauna kusa da ke ya gaya miki ciwon da ko matarsa ba ta sani ba, don ki rubuta wa likita. Ki rubuta yadda ya faɗa, kada ki yi masa ado da Turancin makaranta. Ki karanta masa ya ji, ki aika, ki manta. Ranar da magana ɗaya ta fita daga ɗakin nan ta shiga kasuwa, kin rufe shi da hannunki.

Yanzu ga tafiyata. Mamanki ta ce gwiwoyina ba za su kai ba, na ce mata ba ita za ta ɗauke ni ba. Na shiga motar 'yan kasuwa daga tasha har gindin dutse, ɗan acaɓa ya ɗauke ni iya inda babur ke iya zuwa, saura na taka. Gaskiyarta ce game da gwiwoyin, amma ba sai kin gaya mata na faɗa ba. Hanyar tana nan yadda na bar ta, soja sun yi mulki sun koma bariki, an ba mu jiharmu, ita ko a jikinta.

Dagacin yanzu ɗan wancan ne. Ya karɓe ni da mutunci, aka ba ni ruwa, sannan ya kai ni bayan asibiti ya nuna mini inda mutanenku suka kafa 'yan turaku suka ɗaura jan ƙyalle. Rahila, na tsaya bakina a buɗe. Daidai gurbin ɗorawar nan ne. Duk kewayen asibitin itatuwa ne da tsauni, nan kaɗai ne sama take a buɗe ta ɓangaren da kuke so, kuma ni na buɗe ta da gatari. Dagaci ya ce, "Baba, mu muna so. Amma wurin nan har yau na Inna Laraba ne, ba mai taka shi sai da bakinta. Da ta ji 'yar wane ce, ta ce ba za ta ce e ko a'a ba sai ta ga mai oba-oba."

Na same ta a ƙofar ɗakinta kan tabarma, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Na cire hula na durƙusa na gaishe ta. Ta matso da fuskarta ta ƙare mini kallo.

"Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Ka tsufa."

Saura kaɗan in ce ita ma ai ba ta koma budurwa ba, na tuna abin da ya kawo ni na haɗiye. Na shiga ba ta haƙuri kan itacen, maganar da na shirya tun cikin mota. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Itace ya tafi tuntuni, 'ya'yana sun dasa wasu. Ba don shi na kira ka ba. Ka san abin da ake nufi a garin nan in mutum ya ƙi ƙwarya?"

Na ce na san na ƙi sulhu, kuma ban kyauta ba.

Ta ce, "Ba ka sani ba ke nan. Nan ba a ƙin ƙwarya sai daga hannun da ake tsoro. Mijina bai daɗe da mutuwa ba. Sai ga mutumin gwamnati, mai ilimi, mai magana da iska, ya ɓoye hannunsa ya ƙi shan abin da na kawo a gaban gari. Me kake so mutane su ce? Suka ce ya ga wani abu. Daddawata ta daina fita a kasuwa. Mata suka hana 'ya'yansu cin abinci a gidana. Sai da yarana suka girma kafin maganar ta mutu."

Na ce, "Inna, Allah ya sani, giya na guda, ba hannunki ba."

Sai ta yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. "Wace giya? Mai bishara ya gaya mini kai ɗan majami'a ne. Kunun zaƙi na dama maka, na zuba zumar da nake ɓoye wa yara. Duk wanda ke wurin ya san kunu ne. Kai kaɗai ne ba ka leƙa ba."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Shekara ashirin da wani abu ina yawo da labarin nan ina taƙama da shi, ashe matar da na riga na sare wa abinci na ƙara ɗora wa sunan mayya, kuma ko ƙwaryar ban duba ba. Na yi kuka, Rahila, ba zan ɓoye miki ba. Ita kuwa ta bar ni na yi abina, ba ta ce yi haƙuri ba.

Da na natsu ta aika a kira dagaci da tsofaffin unguwa, ta sa surukarta ta ɗora tukunya. Ba a gidanta ta yarda a yi ba, ta ce a ƙofar dagaci, inda aka yi na farko. Aka riƙe ta muka taka har can. Matasa suna ta kallo ba su san me ake yi ba, amma masu furfura sun sani. Ta ɗauki ƙwarya, ta kurɓa, ta miƙo. Na karɓa da hannu biyu na shanye tas, har na kifa ƙwaryar kowa ya gani. Sannan na miƙe na faɗa da ƙarfi, kamar yadda na ɗaga murya wancan karon, cewa ban taɓa ganin komai a hannun matar nan ba sai alheri, jahilcina ne da girman kai. Dagaci ya maimaita da yarensu don waɗanda Hausa ba ta ishe su ba. Ta juya ta gaya masa 'yan kalmomi, ya dube ni ya ce, "Ta ce a ba yarinyar wurin."

Da muka koma gidanta na kasa haƙuri na tambaye ta, "Inna, da ban zo ba fa?"

Ta ce, "Da sun kai kwanonsu wani gari. Ba haka nake so ba, asibitin namu ne, bara ma a kan ƙofa aka sauko da jikata. Amma da sun kai."

Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin farashin gishiri, kuma na san ba wasa take ba.

Dagaci ya riga ya aika wa ogan ku, mai yiwuwa labarin ya riga takardan nan isa. Ni dai na sauko dutsen nan ina jin jikina sakayau, gwiwoyi na kuka amma ƙirji ba nauyi. Da na iso gida na ci tuwo har na nemi ƙari, mamanki ta tsaya tana kallona. Na gaya wa fasto ina son ya ba ni 'yan mintoci ran Lahadi, akwai abin da zan gyara a gaban ikilisiya. Mamanki ta ce a kujerar gaba za ta zauna, wai ta daɗe tana jiran ranar da zan ce na yi kuskure da bakina.

In kun isa, kada ki bari a kwance ko igiya ɗaya daga kayan sai kin je kin gaishe ta. Ki tafi da zane a jaka ki ɗaura kan wandon aikin nan naki kafin ki shiga gidan, in kin fito ki hau duk rufin da za ki hau. Ta ba ni saƙo in ba ki, ga shi yadda ta faɗa: "Ka ce mata akwai ɗaki a gidana. 'Ya mace ba za ta kwana ita kaɗai cikin ƙarafa ba. Abincina za ta ci." Ban amsa a madadinki ba, amma kin san amsar da nake so.

Ubangiji ya yi miki jagora, ya hau da ke lafiya ya sauko da ke lafiya. Ya tsare ki daga aradu da maciji da zamewar dutse, ya tsare ki daga irin kan da ubanki ya hau da shi. Ya sa aikin hannunki ya daɗe bayan kin bar wurin, ya ba ki farin jini a wurin manya da yara. Ƙannenki suna gaishe ki, matan zumunta na Turaki sun ce suna sa ki a addu'a. Ki gaishe mini da ogan ku, ki ce masa ya loda kayansa. Ke kuma ki hau da zuciya ɗaya, ba sauran abin da sunana zai tare miki a garin nan.

Ni ne mahaifinki,
Baba.